Idan zuciya ta tsaya nesa da asibiti

A wasu biranen Turai da Amurka da Japan, likitoci na amfani da wata na'ura mai karɓar aikin zuciya da huhu domin ceto mutanen da zuciyarsu ta tsaya a gida ko a bakin hanya. Sai dai abin da ya raba wannan ci gaba da garuruwa irin su Jahun da Dutse a jihar Jigawa ya wuce kuɗin sayen na'ura.

Ranar 12 ga watan Agustan 1989, ana cikin wasan neman shiga gasar cin kofin duniya tsakanin Najeriya da Angola a babban filin wasa na Legas, ɗan wasan tsakiya Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi, saura kimanin minti 13 a tashi. Shekarunsa 25 a lokacin. Bai sake tashi ba.

Kusan shekaru 32 bayan haka, ranar 12 ga watan Yunin 2021, makamancin wannan lamari ya auku a birnin Kofanhegan, inda ɗan wasan Denmak Christian Eriksen ya faɗi ana karawa da ƙasar Finlan. Nan take aka shiga danna masa ƙirji, aka girgiza zuciyarsa da lantarki sau ɗaya, ta koma aiki. Bayan wata takwas ya koma taka leda a Ingila.

Abin da aka yi wa Eriksen tsohuwar dabara ce, wadda duniya ta sani tun shekarun 1960. To amma akwai mutanen da za a danna musu ƙirji yadda ya kamata, a girgiza su da lantarki sau uku ko fiye, a ɗura musu magunguna, zuciyar ta ce ba ta san zancen ba. A da, idan aka kai minti 30 ko 40 a haka, likitoci kan janye hannu. Domin irin waɗannan mutane ne aka fara tunanin fito da na'urar da aka saba gani a ɗakin tiyatar zuciya, a kai ta ɗakin taimakon gaggawa, daga bisani ma har kan titi.

Bugun zuciya daban, tsayawarta daban

A bakin jama'a, duk wanda ya faɗi farat ɗaya ya rasu akan ce bugun zuciya ne. A wurin likitoci kuwa abubuwa biyu ne mabambanta, ko da yake ɗaya kan haifar da ɗaya.

Na farko shi ne toshewar ɗaya daga cikin jijiyoyin da ke ciyar da ita kanta tsokar zuciya da jini. Mai wannan ciwo yawanci yana cikin hayyacinsa, yana kukan nauyi ko ƙuna a ƙirji, yana gumi, wani lokaci ciwon na sauka hannun hagu ko muƙamuƙi. Na biyu kuwa shi ne tsayawar zuciya: tsarin lantarkin da ke ba ta umarnin harbawa ya rikice, sai ta daina tura jini gaba ɗaya. Cikin daƙiƙa kaɗan mutum zai fita hayyacinsa, numfashi ya yanke.

A galibin waɗanda ake iya cetowa, zuciyar ba ta kwanta shiru ba tukuna. Karkarwa take yi barkatai, ba tare da ta tura ko digon jini ba. Wannan karkarwa ita ce girgizar lantarki ke yankewa, domin zuciyar ta sake kama bugunta na asali.

Ƙwaƙwalwa ce ba ta da haƙuri. Daga minti 4 zuwa 6 ba tare da jini ba take fara lalacewa, kuma masana sun ƙiyasta cewa duk minti ɗayan da ya wuce ba a taɓa mutum ba, damar rayuwarsa na raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari. Danna ƙirji da hannu, wanda masu bincike uku na jami'ar Johns Hopkins suka bayyana wa duniya a shekarar 1960, yana tura kimanin rubu'in jinin da lafiyayyar zuciya ke turawa. Wannan ya isa ya jinkirta mutuwar ƙwaƙwalwa, amma bai isa ya riƙe ta na tsawon lokaci ba. A Amurka, inda fiye da mutum 350,000 zuciyarsu ke tsayawa a wajen asibiti kowace shekara, kimanin mutum ɗaya ne cikin goma yake komawa gida da rai, duk da yawan motocin asibiti da kayan aiki.

Aron zuciya da huhu

Tarihin na'urar ya faro ne daga wani dare a shekarar 1930, lokacin da wani matashin likita mai suna John Gibbon ya kwana yana gadin wata mata a wani asibitin birnin Boston, wadda gudan jini ya toshe mata jijiyar huhu. Matar ba ta yi rai ba. Gibbon ya tashi da tunanin cewa da za a iya fitar da jininta waje, a ba shi iska, a mayar mata, da an sami sararin yi mata aiki. Ya kwashe fiye da shekaru 20 yana wannan nema, har kamfanin IBM ya taimaka masa da injiniyoyi. Ranar 6 ga watan Mayun 1953, a birnin Filadelfiya, ya ɗinke wani rami a zuciyar wata budurwa 'yar shekara 18, yayin da na'urarsa ta riƙe mata rai na tsawon minti 26.

Daga nan tiyatar buɗe zuciya ta bazu a duniya. A Najeriya an fara yin ta ne a watan Fabrairun 1974 a asibitin koyarwa na Inugu, tare da shahararren likitan nan ɗan asalin Masar, Magdi Yacoub.

Na'urar ɗakin tiyata dai ta 'yan sa'o'i ce, domin tana wahalar da jini. Wadda ake magana a kai yanzu ƙanwarta ce, da likitoci ke kira ekmo, wadda za ta iya riƙe mutum kwanaki ko makonni. An fara cin nasara da ita a kan baligi a shekarar 1971 a jihar Kalifoniya, sannan a kan wata jaririya a shekarar 1975 a hannun likita Robert Bartlett. Jama'a da dama sun fara jin labarinta ne a lokacin annobar korona a shekarar 2020, lokacin da aka riƙa ɗora masu lalacewar huhu a kanta.

Yadda ake haɗa ta da wanda zuciyarsa ta tsaya abu ne mai ban tsoro ga wanda bai saba gani ba. Ana ci gaba da danna ƙirji, galibi da wani inji na musamman, likita kuma yana aiki a matsematsin majinyaci. Da taimakon na'urar hoto zai nemo manyan jijiyoyi biyu na cinya. A cikin wadda ke mayar da jini zuwa zuciya zai zura bututun roba mai kaurin ɗan yatsa, ya tura shi sama har kusa da zuciya. A cikin wadda ke kawo jini daga zuciya kuma zai sa wani gajere. Wani famfo mai juyawa zai zuƙo baƙin jini ta bututun farko, ya bi da shi ta cikin wani ɗan akwati mai ɗauke da dubban siraran zaruruwa masu rami, waɗanda iskar oksijin ke ratsawa. A nan jinin zai sha iska, ya fitar da gurɓatacciyar da ke cikinsa, ya koma ja wur, sannan a tura shi jiki ta bututu na biyu. Lita uku zuwa biyar ke zagayawa a kowane minti, kusan daidai da aikin zuciyar baligi yana hutawa.

Da zarar jini ya fara zagayawa, sai a daina danna ƙirji. Mutum na iya kwanciya a haka, zuciyarsa ba ta harbawa, amma ƙwaƙwalwarsa da ƙodarsa da hantarsa na samun abincinsu.

Wajibi ne a fahimci cewa na'urar ba ta warkar da komai. Lokaci kawai take saya. A cikin wannan lokaci ne za a garzaya da majinyaci ɗakin hoton jijiyoyin zuciya, a nemo wadda ta toshe a buɗe ta, domin bincike ya nuna cewa akasarin waɗanda zuciyarsu ta ƙi amsa lantarki suna da mummunar toshewa a waɗannan jijiyoyi. Idan guba ce ko wani magani da aka sha fiye da kima, sai a jira jiki ya fitar da shi. Idan zuciyar ta huta ta farfaɗo, bayan kwanaki sai a cire bututun.

Akwai wani labari da ɗaliban likitanci ke yawan ji. A watan Mayun 1999, wata likita 'yar ƙasar Suwidin mai suna Anna Bågenholm ta faɗa ƙarƙashin ƙanƙara a arewacin Norwe, ta yi minti 80 a cikin ruwa. An kai ta asibitin Tromso zuciyarta a tsaye, zafin jikinta ya sauka zuwa digiri 13.7, alhali na mai lafiya 37 ne. Da na'urar zuciya da huhu aka ɗumama jininta sannu a hankali, ta farfaɗo, daga baya ta koma aikin likita. Sanyi ne ya kare mata ƙwaƙwalwa. Wannan rangwame kuwa babu shi a ƙasar Hausa, ko da a tsakiyar hunturu.

Abin da gwaje-gwaje suka nuna

Likitocin Japan na cikin waɗanda suka daɗe suna wannan aiki, suna kuma bayar da rahoton nasara. Amma masu shakka sun riƙa cewa ai masu sauƙin ciwo ake zaɓa a ɗora a kan na'urar, don haka tilas sakamakonsu ya fi kyau. Hanyar raba gardama ita ce a raba majinyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a gwada. An yi hakan sau uku a manyan gwaje-gwaje, amsoshin kuma ba su zo ɗaya ba.

Na farko an yi shi ne a jami'ar Minnesota ta Amurka ƙarƙashin Farfesa Demetris Yannopoulos, aka wallafa a mujallar Lancet a watan Nuwamban 2020. Daga cikin mutum 14 da aka bi su ta hanyar na'urar, 6 sun bar asibiti da rai. Daga cikin 15 da aka ci gaba da yi musu abin da aka saba, mutum ɗaya ne kawai. Bambancin ya yi yawan da masu sa ido suka dakatar da gwajin bayan majinyata 30, suna ganin ba adalci ba ne a ci gaba da hana wasu na'urar.

Na biyu an yi shi a birnin Prag na Jamhuriyar Cek ƙarƙashin Farfesa Jan Belohlavek, a kan mutum 256, aka wallafa a shekarar 2022. Bayan wata shida, kashi 31.5 cikin ɗari na ɓangaren na'urar suna raye da lafiyayyar ƙwaƙwalwa, ɗaya ɓangaren kuma kashi 22. Tazarar ta yi kyau a ido, amma bisa ƙa'idar lissafin bincike ba ta kai a yanke hukunci da ita ba. An kuma lura cewa zubar jini ya ninka a ɓangaren na'urar.

Na uku, wanda aka yi a asibitoci goma na ƙasar Holan aka wallafa a watan Janairun 2023, shi ne ya sanyaya gwiwar masu ɗoki: kashi 20 cikin ɗari a ɓangaren na'urar, kashi 16 a ɗaya ɓangaren.

Bisa ga dukkan alamu, lokaci da gogewa ne suka raba waɗannan sakamako. A Minnesota da Prag, cibiya ɗaya ce tak, mai ƙwararrun da suka yi aikin sau da dama, kuma kimanin sa'a guda ake ɗauka daga faɗuwar mutum zuwa fara zagayawar jini. A Holan an kai minti 74, kuma da yawa daga cikin asibitocin ba su saba da aikin ba. Shi ya sa a shekarar 2023 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta amince da wannan hanya bisa sharaɗi: ga zaɓaɓɓun majinyata, a wurin da ake da horarrun ma'aikata da cikakken tsari.

Su wane ne zaɓaɓɓun? Galibi waɗanda ba su wuce shekara 70 ko 75 ba, waɗanda aka ga faɗuwarsu da ido, aka fara danna musu ƙirji cikin 'yan mintoci, aka tarar zuciyarsu na karkarwar nan da lantarki ke iya yankewa, kuma ake sa ran haɗa su da na'urar kafin a cika minti 60. Ko su ɗin ma ba su tsira daga haɗari ba. Maganin hana daskarewar jini da ake ba su kan jawo zubar jini, bututun na iya toshe jinin ƙafa har a rasa ta, ga shanyewar ɓarin jiki, ga ƙwayoyin cuta.

Birnin Paris ya ɗauki wata hanya dabam. Tun daga shekarar 2011, wata tawaga ta hukumar agajin gaggawa ta birnin, ƙarƙashin likita Lionel Lamhaut, take kai na'urar inda mutum ya faɗi, maimakon a tsaya ana fama da cunkoson motoci da benaye marasa lif. An haɗa mutane da ita a cikin ɗakunansu, a tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa, har ma a cikin gidan tarihi na Louvre. Duk da haka, wani nazari da aka wallafa a shekarar 2020 a kan fiye da mutum 13,000 a Paris da kewaye ya nuna cewa waɗanda aka ɗora a kan na'urar da waɗanda ba a ɗora ba, kimanin kashi 8 cikin ɗari ne suka rayu a kowane ɓangare, ko da yake na kan na'urar su ne waɗanda tun farko aka fi fid da rai da su.

Minti sittin a Jahun

A ce wani magidanci ɗan shekara 50 ya yanke jiki ya faɗi a gona a Aujara ko Harbo, ko kuwa a tsakiyar kasuwar Jahun. Kafin a gama sallallami, a yayyafa masa ruwa, a yi masa fifita, a nemo mota ko a-daidaita-sahu, mintocin ƙwaƙwalwarsa sun ƙare. Daga Jahun zuwa asibitin koyarwa na Rasheed Shekoni da ke Dutse, ta hanyar Kiyawa, tafiya ce ta kusan sa'a guda. Zuwa asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano kuwa fiye da kilomita 100 ne. Ko da a ce na'urar na kunne a can, likitoci na tsaye da safar hannu suna jira, hanya kaɗai ta cinye minti sittin ɗin.

Na'urar kuma ba ta zama ita kaɗai. Tana buƙatar ɗakin hoton jijiyoyin zuciya da ke aiki dare da rana, da sashen kulawa ta musamman, da ma'aikacin jinya da ba zai gusa daga gefen gado ba, da gwajin jini kowane 'yan sa'o'i, da ma'ajiyar jini cike. Bututun da akwatin iskar sau ɗaya ake amfani da su a jefar, daga waje ake shigo da su, da dala ake biya. Ga batun wuta. A watan Oktoban 2024, jihohin arewa da dama, ciki har da Jigawa, sun kwashe fiye da mako guda cikin duhu sakamakon lalacewar manyan layukan lantarki. Famfon da ke riƙe da ran mutum ba ya jiran a je neman man janareta.

Akwai kuma tambayar da ta fi wannan muhimmanci: shin abin da ke tsayar da zukata a Jahun shi ne abin da ke tsayar da su a Minnesota?

A wani ɓangare, amsar ita ce e. Bincike daban-daban sun nuna cewa kimanin mutum uku cikin kowane goma na manya a Najeriya na da hawan jini, da yawansu kuma ba su sani ba. Amma wanda ya san babban asibitin Jahun ya san da wani labarin. Tun shekarar 2008 ƙungiyar likitocin nan ta ƙasa da ƙasa, MSF, ke aiki a can tare da ma'aikatar lafiya ta jihar, a fannin haihuwa da jarirai da gyaran yoyon fitsari. Matan da ake kawowa rai a hannun Allah, akasari zubar jini ne, ko jijjiga, ko doguwar naƙuda, ko ƙarancin jini. Matar da zuciyarta ta tsaya saboda jininta ya tsiyaye, jini take buƙata da likitan da zai tsayar da zubar. Na'urar da sai an tsinka jini kafin ta yi aiki ba ta da abin yi mata.

Sai kuma ciwon zuciyar masu jego, wanda ƙasar Hausa ta yi suna a kansa a littattafan likitanci na duniya. Tsokar zuciyar mace kan yi rauni a ƙarshen ciki ko 'yan watanni bayan haihuwa, sai a ga kumburin ƙafa, da tari, da haki, da kasa kwanciya rigingine. A shekarun 1970, likitoci Davidson da Parry sun bayyana shi a Zariya, suka kuma danganta shi da wankan jego da kunun kanwa da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Karaye na jami'ar Bayero ya jagoranta a asibitocin Najeriya, wanda aka wallafa a shekarar 2020, ya gano cewa a Kano ana samun ciwon sau ɗaya cikin kowace haihuwa 96, adadin da ke cikin mafiya yawa a duniya. Sai dai wannan bincike ya fi ɗora alhakin a kan talauci, da rama, da rashin ilimin boko, da hawan jinin masu ciki, fiye da al'adun jego. Wasu binciken nasa kuma sun nuna alaƙa da ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki.

A ƙa'ida, irin waɗannan mata ne na'urar ta fi dacewa da su: matasa ne, sauran gaɓoɓinsu lafiya lau, zuciyar kuma na iya farfaɗowa idan ta sami hutu. A manyan asibitocin Turai akan ɗora wasunsu a kanta. Amma ciwon na ba da sanarwa makonni kafin ya kayar da mace, kuma hoton zuciya da magungunan da ba su kai kuɗin bututu ɗaya na na'urar ba suna iya tare shi tun daga nesa. Duk mai rabon kasafin lafiya a Dutse da aka ajiye wa waɗannan zaɓi biyu a gabansa, ba zai daɗe yana tunani ba.

Matsayin malamai

Na'urar da ke zagaya jini a jikin da zuciyarsa ba ta harbawa ta ta da tambayar da malaman fiƙihu suka riga suka tattauna tun zamanin na'urar numfashi. Wasu majinyatan akan haɗa su, jini ya zagaya, amma a gano ƙwaƙwalwa ta riga ta tafi. To yaushe za a kashe na'urar?

Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman a watan Oktoban 1986, ta yanke cewa ana ɗaukar mutum ya rasu idan zuciya da numfashi suka tsaya tsayawar da likitoci suka tabbatar ba komawa, ko kuma idan dukkan ayyukan ƙwaƙwalwa suka tsaya har abada bisa shaidar ƙwararru, kuma a wannan hali ya halatta a cire na'urori. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na Makka a shekarar 1987, ta halatta cirewar idan likitoci uku suka tabbatar da mutuwar ƙwaƙwalwa, amma ta ce hukunce-hukuncen mutuwa, irin su gado da takaba, ba sa farawa sai zuciya da numfashi sun tsaya bayan an cire. Babu ɗaya daga cikin majalisun biyu da ta ɗauki ƙoƙarin farfaɗo da mutum a matsayin jayayya da ajali.

Abin da hannu biyu za su iya

A gwajin Holan, ba a ma shigar da mutum sai idan wani da ke kusa ya riga ya fara danna masa ƙirji kafin isowar motar asibiti. Wato na'urar mai tsadar gaske tana dogara ne a kan hannun maƙwabci ko ɗan kasuwa ko direba.

Ƙasar Denmak ta gwada wannan. Ta wajabta koyar da danna ƙirji a makarantun firamare daga shekarar 2005, da kuma ga masu neman lasin tuƙi daga 2006. Tsakanin 2001 da 2010, yawan waɗanda jama'a suka taimaka wa kafin zuwan likita ya tashi daga kashi 21 zuwa 45 cikin ɗari, waɗanda suka rayu kuma daga kashi 3.5 zuwa kusan 11. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta goyi bayan a riƙa koyar da 'yan makaranta wannan aiki sa'o'i biyu a shekara, daga shekara 12 zuwa sama.

Aikin kansa ba shi da wuyar bayani. Idan mutum ya faɗi, aka kira shi aka jijjiga shi bai amsa ba, kuma ba ya numfashi irin na lafiya, sai a kwantar da shi rigingine a kan ƙasa mai tauri, ba katifa ba. A tura wani ya nemo mota ko ya kira lambar gaggawa ta 112. A ɗora tafin hannu ɗaya a tsakiyar ƙirji, ɗayan a kansa, a miƙe gwiwar hannu, a riƙa dannawa da ƙarfi har ƙirji ya nutsa santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, ana barin ƙirjin ya taso bayan kowace dannawa. Idan an gaji, wani ya karɓa, kimanin kowane minti biyu. Haƙarƙari na iya karyewa, wannan kuma ba dalilin dainawa ba ne. Wanda aka tsamo daga ruwa, ko yaro ƙarami, yana buƙatar a haɗa masa da hura iska a baki, sau biyu bayan kowace dannawa 30. Ba a ɗura wa wanda ya suma ruwa ko nono ko manja a baki.

Akwai wani wuri da al'ada da likitanci ke cin karo. A mintocin farko, da yawa daga cikin waɗanda zuciyarsu ta tsaya kan yi wani irin kakari, numfashi ɗaiɗai mai ƙara. Jama'a kan ɗauke shi gargarar mutuwa, sai a ja baya a shiga laƙƙana kalmar shahada. A wurin likitoci kuwa wannan kakari alama ce cewa ƙwaƙwalwa na da sauran rai, kuma masu yin sa sun fi saura damar farfaɗowa. Ba abin da ya hana a haɗa biyun, wani na laƙƙanawa a kunne, wani na danna ƙirji. Haka kuma bincike a ƙasashe da dama ya nuna cewa mata sun fi maza rasa wannan taimako a bainar jama'a saboda nauyin taɓa su, abin da ke nuna muhimmancin koyar da matan aure da ungozomomi da 'yan matan Islamiyya, tun da yawancin faɗuwar a cikin gida take aukuwa.

Ita ma na'urar girgiza zuciya da lantarki yanzu akwai ƙaramarta mai batir, wadda ba ta fi jakar hannu ba, tana magana tana gaya wa mai amfani da ita abin da zai yi, kuma ba ta sakin wuta sai ta auna ta ga ana buƙata. Alhazai da masu Umra kan gan ta a rataye a filayen jiragen sama da cikin Masallacin Harami. Tashoshin mota da manyan kasuwanni da masallatan Juma'a da filayen wasa su ne irin wuraren da ake ajiye ta.

Jigawa ba baƙuwa ba ce ga dabarar jingina aikin ceto ga mutanen gari. An daɗe da gwada horar da direbobin ƙungiyar NURTW domin kai mata masu naƙuda asibiti daga ƙauyuka, kuma waɗannan direbobi su ne sukan fara isa wurin da wani ya faɗi. A matakin tarayya, an ƙaddamar da tsarin motocin agajin gaggawa na ƙasa a Abuja a shekarar 2022, da nufin faɗaɗa shi zuwa jihohi.

Ko da mutum ya farfaɗo ya buɗe ido ya yi magana, tilas a kai shi asibiti, domin abin da ya tsayar da zuciyar yana nan, kuma tana iya sake tsayawa cikin sa'o'i. Dokar lafiya ta ƙasa ta shekarar 2014 ta ware kashi 5 cikin ɗari na asusun kiwon lafiya a matakin farko domin jinyar gaggawa. Sashe na 20 na dokar ya haramta wa duk wani asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane irin dalili, ya kuma tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun, ga wanda ya saɓa.